'YAN FASHIN ƘANANAN GARURUWAN YAMMACIN AMURKA: TSAKANIN ALƘALAMI DA TARIHI

Gabatarwa

Duk wanda ya riski zamanin shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos ya san fim ɗin kaboyi. Ya san ɗan garin nan mai titi guda, da mashaya mai ƙofa biyu, da banki, da mutum biyu da za su tsaya da tsakar rana suna kallon juna, kowa hannunsa na kusa da libarba. Saboda yawan kallon irin waɗannan finafinai har kalmar kaboyi ta sami gindin zama a Hausa. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, kafin labaran nan su hau allo sai da suka bi ta hannun marubuta, kuma akasarin mutanen da ake ba da labarinsu sun rayu da gaske, sun kashe mutane masu suna da iyali.

Manufarmu a wannan nazari ita ce mu dubi yadda marubuta suka ɗauki tarihin waɗannan garuruwa, tsakanin ƙarewar Yaƙin Basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1895, suka sarrafa shi. Za mu aza abin da aka rubuta kusa da abin da ya faru, mu ga dabarun da aka bi har ɗan fashi ya zama gwarzo, domin dabarun nan suna nan a hannun kowane marubuci, har da mu.

Yadda Garuruwan Suke

Garuruwan iri biyu ne. Akwai na cinikin shanu a Jihar Kansas, irin su Abilene da Wichita da Dodge City, inda makiyaya kan koro garkuna daga Teksas su kawo bakin layin dogo a loda su cikin jirgi. Akwai kuma na haƙar ma'adinai, irin su Tombstone mai azurfa da Deadwood mai zinariya. Mazauna mafi yawansu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai ba, galibi samari ne marasa aure, ga giya, ga caca, ga makami.

A cikin 1968 wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya fitar da littafinsa The Cattle Towns. Ya bi jaridu da takardun garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885, ya tarar da kisan kai 45 ke nan duka duka, wato wajen mutum uku a shekara in an haɗa garuruwan biyar. Wasu masana sun ja da shi, suka ce in aka auna da ƙarancin mazauna garuruwan, adadin ba ƙarami ba ne, kuma suna da gaskiyarsu. Duk da haka, fim ɗin kaboyi ɗaya yakan zubar da gawa fiye da abin da Dodge City ta gani a shekara guda. Garuruwan ma suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari, domin 'yan kasuwa sun san harbe-harbe na korar ciniki.

To ina aka samo wancan hoton na gari mai zubar da jini kullum? Tun 1860 kamfanin Beadle na New York ya fara buga 'yan ƙananan littattafai masu arha, senti goma kowanne, don ma'aikata da yara matasa na biranen Gabas. A cikin 1877 Edward Wheeler ya ƙago wani ɗan fashi mai rufe fuska, Deadwood Dick, ya yi ta fitar da labaransa ɗaya bayan ɗaya, alhali daga can Gabas yake rubutunsa. Kasuwa ce ta nemi jini, marubuta kuwa suka ba ta. Abin da littattafan ba su damu da faɗa ba shi ne, garin Deadwood kansa a kan haramtacciyar ƙasa aka kafa shi, domin yarjejeniyar 1868 ta bar wa ƙabilar Lakota wannan yanki, sai da aka ga zinariya a 1874 aka yi fatali da alkawari.

Jesse James da Editan Jarida

An haifi Jesse James a 1847 a Missouri, ɗan mai wa'azin coci, a gidan da ke da bayi. Yana matashi ya shiga 'yan sari-ka-noƙe masu goyon bayan Kudu, kuma yana cikin ƙungiyar da ta kashe sojojin Arewa fiye da ashirin marasa makami a Centralia cikin Satumba 1864. Da aka gama yaƙi sai shi da wansa Frank suka koma fashin bankuna da jiragen ƙasa. A Gallatin, cikin Disamba 1869, an harbe ma'ajin banki John Sheets har lahira.

Wanda ya ɗinka masa rigar gwarzo shi ne John Newman Edwards, tsohon hafsan sojan Kudu, editan jaridar Kansas City Times. Shi ya riƙa buga wasiƙun da aka ce Jesse ne ya rubuto, masu nuna cewa zaluntarsa ake yi saboda aƙidarsa. Da aka yi fashi a filin baje koli na Kansas City a 1872, har wata yarinya ta sami raunin harsashi, Edwards ya rubuta sharhi yana kwatanta 'yan fashin da barade na zamanin da. Dalilinsa siyasa ne: yana so mutanen Kudu da aka ci da yaƙi su sake ɗaga kai su karɓi mulkin Missouri, ya kuwa ga Jesse zai yi masa amfani. Labarin da ya bazu cewa Jesse yana ƙwace na masu kuɗi ya raba wa talakawa, masu bincike ba su sami shaidarsa ba.

Fim ɗin Jesse James na 1939 ya ƙara wata dabara da ya kamata mai koyon rubutu ya lura da ita sosai. A fim ɗin, wakilan kamfanin jirgin ƙasa ne suka fara jefa bam suka kashe mahaifiyarsa, sannan ya shiga fashi don ramuwa. A tarihi kuwa, harin da 'yan leƙen asirin kamfanin Pinkerton suka kai gidansu a Janairun 1875 aka yi shi, bayan ya shekara da shekaru yana fashi. Ƙanensa ɗan shekara takwas ne ya mutu, mahaifiyar ta rasa hannu, amma ta rayu har 1911, tana ma sayar wa baƙi tsakuwar kan kabarin ɗanta. Wato ba a ƙagi harin ba, wurinsa aka sauya. Da aka ɗauko shi daga tsakiya aka ajiye a farko, sai mai laifi ya koma wanda aka zalunta, mai kallo kuma ya riga ya yafe masa duk abin da zai yi nan gaba.

Mu dubi Northfield ta Jihar Minnesota, ran 7 ga Satumba 1876. Mutum takwas suka shiga garin don fasa banki. Akawun bankin, Joseph Lee Heywood, ya ƙi buɗe musu ma'ajiyar kuɗi duk da wuƙar da aka ɗora masa a wuya, suka harbe shi. A titi kuma suka harbe wani baƙo ɗan ƙasar Suwidin. Mutanen gari suka ɗauko bindigogi daga kantuna, suka kashe biyu daga cikin 'yan fashin nan take, sauran suka tsere da abin da bai kai dala 27 ba. Bayan mako biyu aka kama 'yan uwan Younger su uku. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In jaruntaka ake nema a wannan labari, ai tana wurin akawun nan, amma mutum nawa ne a duniya suka san sunansa? Jesse kuwa, wanda yaronsa Robert Ford ya harbe ta baya a 1882, har waƙoƙi aka yi masa.

Billy the Kid da Rikicin Kanti Biyu

Abin da ake kira Yaƙin Gundumar Lincoln a New Mexico, cikin 1878, asalinsa gasar kasuwanci ce. Kantin Murphy da Dolan ne ke riƙe da kwangilar sayar wa gwamnati naman shanu, sai wani saurayi ɗan Ingila, John Tunstall, da lauya Alexander McSween suka buɗe nasu kantin a ɗan garin. Aka kashe Tunstall cikin Fabrairu, yaransa suka ɗau fansa a kan shugaban 'yan dokan gundumar, William Brady, cikin Afrilu, a watan Yuli kuma aka ƙone gidan McSween aka kashe shi. Billy, wanda sunansa na yanka Henry McCarty, ɗaya ne kawai daga cikin yaran Tunstall. Amma duk cikin waɗanda suka yi wannan ɓarna shi kaɗai kotu ta yanke wa hukunci, manyan da suka ɗauki nauyin rikicin suka ci gaba da harkokinsu. Ya tsere daga tsare a Afrilun 1881 bayan ya kashe masu gadinsa biyu, Pat Garrett kuma ya harbe shi cikin duhu a Fort Sumner ran 14 ga Yuli na wannan shekara.

Shekara na zagayowa, a 1882, Garrett ya fitar da littafin tarihin yaron, wanda wani ɗan jarida abokinsa, Ash Upson, ya rubuta mafi yawansa. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba lalle ta fi gaskiya ba. Garrett yana shan zargin cewa ya harbe yaro a duhu ba tare da ya ba shi dama ba, saboda haka duk yadda aka zuzuta hatsarin Billy, haka ƙimar wanda ya kashe shi za ta ƙaru. Daga irin wannan zuzutawa aka sami zancen nan da ya bazu cewa ya kashe mutum 21, ɗaya a kan kowace shekara ta rayuwarsa. Masana na ƙirga takwas ko tara, wasu ma tare da abokansa aka yi harbin.

A 1926 Walter Noble Burns, ɗan jarida daga Chicago, ya fitar da The Saga of Billy the Kid, littafin da ya yi kasuwa ƙwarai. Dole a yaba masa, domin ya je har wurin ya zanta da tsofaffin da suka ga zamanin, kuma ya iya jan zaren labari. Laifinsa shi ne ya ɗauki hirar tsofaffi ta bayan shekara arba'in da 'yan kai, ya haɗa da zantukan da ya sa wa mutane a baki, ya miƙa wa mai karatu da sunan tarihi. Haka kuma ya mayar da rikicin kwangila da cin hanci ya zama labarin yaro ɗaya mai fara'a da saurin hannu. Da zarar an tattara hasken duka a kan tauraro, su Dolan da 'yan siyasar da ke bayansu sai su sulale cikin duhu.

Tombstone: Daƙiƙa Talatin

Ran 26 ga Oktoba 1881, a Tombstone ta Arizona, 'yan uwan Earp su uku da abokinsu Doc Holliday suka yi arangama da 'yan gidan Clanton da McLaury. Cikin wajen daƙiƙa talatin aka yi harbi wajen talatin, mutum uku suka mutu. Ba ma a cikin shingen dawakin O.K. aka yi ba, a wani ɗan fili ne kusa da shagon mai ɗaukar hoto. Shugaban 'yan dokan gari a ranar Virgil Earp ne, ba Wyatt ba, dalilin zuwansu kuwa shi ne karɓe makamai bisa dokar garin. Wani abin mamaki ga mai jin Hausa shi ne, a wannan yanki a lokacin in an ce wa mutum kaboyi, ɓarawon shanu ake nufi.

Garin yana da jaridu biyu masu adawa. Epitaph tana bayan Earp da masu ma'adinai da 'yan kasuwa, Nugget kuwa tana bayan makiyaya da shugaban 'yan dokan gunduma. Kowacce ta ba da labarin yadda ya dace da ɓangarenta, shaidu ma a gaban alƙali suka saɓa wa juna kan wanda ya fara harbi. Alƙali ya sallami su Earp, amma bayan an naƙasa Virgil, aka kuma kashe Morgan a Maris 1882, Wyatt ya bi waɗanda yake zargi ya kashe ba shari'a, ya bar Arizona ana nemansa da laifin kisa.

Wyatt ya mutu a Los Angeles a 1929. Bayan shekara biyu Stuart Lake ya fitar da Wyatt Earp: Frontier Marshal. Nan dabarar ita ce shara: an share kama shi da aka yi kan zargin satar doki a 1871, an share kame-kamen da aka yi masa a gidajen karuwai a 1872, an rage batun caca. Lake ya cika littafin da dogayen maganganu a bakin Wyatt, daga baya kuma ya amsa cewa mutumin ba mai yawan magana ba ne, shi ya tsara masa su. A kan wannan littafi John Ford ya gina fim ɗinsa My Darling Clementine a 1946. Fim ne mai kyan tsari, ba musu, amma a ciki an kashe Doc Holliday a wurin faɗan, alhali ciwon huhu ne ya kashe shi a kan gado a 1887, an kuma sa tsohon Clanton cikin faɗan, alhali ya mutu wata biyu kafin ranar.

Waɗanda Aka Bari a Baya

Marubuci yakan yi ƙarya da abin da ya ƙi faɗa. Makiyayan shanun nan da yawa baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, amma tsofaffin littattafai da finafinai sun mayar da su farare tas. Ga Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta, ya zama ɗan dokan tarayya a 1875 ƙarƙashin kotun Alƙali Isaac Parker ta Fort Smith, ya shekara fiye da talatin yana kamo masu laifi, har ɗansa na cikinsa ya kamo da aka zarge shi da kashe matarsa. Wane jigo ne ya fi wannan nauyi? Amma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin marubuta su waiwaye shi. Akasin haka, Emmett Dalton, wanda ya tsira da raunuka fiye da ashirin lokacin da ƙungiyarsu ta yi yunƙurin fasa banki biyu a lokaci ɗaya a Coffeyville a 1892, inda mutanen gari huɗu suka mutu, ya fito daga kurkuku ya koma Kalifoniya ya rubuta littafi, aka mai da shi fim a 1940.

Waɗanda Suka Rubuta da Idon Basira

Kada a ɗauka muna cewa ƙagaggen labari ya zama kundin tarihi. Marubuci yana da 'yancin ƙaga mutane da gari. Abin da muke nema shi ne gaskiyar halin ɗan Adam da sakamakon aiki, kuma akwai waɗanda suka cim ma haka. Stephen Crane, a gajeren labarinsa The Bride Comes to Yellow Sky na 1898, ya kawo ɗan dokan gari yana dawowa da amarya, ba makami a jikinsa, ya yi kiciɓis da tsohon abokin faɗansa a buge da bindiga biyu. Da mashayin ya ji an yi aure, sai jikinsa ya yi sanyi, ya juya ya tafi. Ba a ɗigar da jini ba, amma mai karatu ya ga ƙarewar wani zamani.

Walter Van Tilburg Clark kuwa, a The Ox-Bow Incident na 1940, ya nuna mutanen wani ɗan gari a Nevada da suka ji jita-jitar an kashe makiyayi an kore shanu, suka fita farauta, suka rataye mutum uku, sannan suka dawo suka tarar wanda aka ce an kashe yana raye. Littafin ya tsaya ne a kan masu kallon da suka san ba daidai ake yi ba amma tsoro ya hana su magana. Haka fim ɗin Unforgiven na 1992 ya sa marubucin 'yan littattafan senti goma a cikin 'yan wasa, yana bin ɗan bindiga yana rubuta ƙaryar da yake shara masa, har ranar da ya ga kisa da idonsa.

Ko a fagen ilimi an yi wannan muhawara. Eric Hobsbawm, a littafinsa Bandits na 1969, ya kawo ra'ayin ɗan fashi mai kare talakawa. Anton Blok ya mayar masa da martani a 1972 cewa ya dogara da waƙoƙi da tatsuniyoyi fiye da kima, kuma in an duba takardu, 'yan fashi sun fi cutar talaka, sun fi kuma zama karnukan farautar manya.

Abin da Ya Shafe Mu

Wasa ɓarawo ba baƙon abu ba ne a adabinmu na baka, domin kowa ya san Gambu mai waƙar ɓarayi. Yanzu kuma da fashin daji da satar shanu suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, babu makawa marubutanmu za su ɗauki wannan jigo, kuma ya kamata su ɗauka. Hatsarin shi ne mu faɗa ramukan da muka lissafa: mu sauya jerin aukuwar abubuwa don mai kisa ya sami uzuri, mu karɓi labari daga bakin mai neman wanke kansa, mu haska mutum ɗaya mu bar masu sayar masa da makami da masu sayen shanun sata cikin duhu, mu ba shi suna da kirari, waɗanda ya kashe kuwa mu bar su a adadi. Bayyana dalilin da ya jefa mutum cikin ta'asa aikin marubuci ne, amma in mai karatu matashi ya rufe littafi yana sha'awar zama tauraron, to an yi aikin Edwards ke nan.

Kammalawa

Mun ga yadda siyasa ta gina Jesse James, neman wanke kai da kasuwa suka gina Billy the Kid, share laifi kuma ya gina Wyatt Earp. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a waɗannan labarai furen ya daɗe fiye da shekara ɗari kafin masu bincike su kakkaɓe shi, har yanzu ma bai gama zuba ba. Shawararmu ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce duk wanda zai rubuta labarin ɗan fashi ya fara neman sanin wanda aka yi wa fashin, ya ba shi suna da gida da magana a cikin littafin, kamar yadda ya ba tauraronsa. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga jama'a, amin.